Ruwan da Ba a Ga Hadarinsa Ba: Nazarin Ambaliyar Madatsar Weija ta Oktoban 2022

A farkon watan Oktoba na shekarar 2022, ana saura 'yan kwanaki Maulidi, ruwa ya mamaye gidajen mutanen da ke zaune a gangaren madatsar Weija, a yammacin birnin Accra, wanda tsofaffinmu na zango suke kira Ankara. Unguwannin Tetegu da Oblogo da Weija ta ƙasa da maƙwabtansu suka haɗe suka zama tafki guda, a wasu wuraren sai rufin kwano da kan katanga kawai ake hangowa, kwalekwale kuma ya maye gurbin tasi a titunan da jiya-jiya ake bi da ƙafa. Abin da ya sa na ware wannan ambaliya daga cikin masu yawa da birnin ya gani shi ne, ruwan da ya ci gidajen nan a can Yankin Gabas ya sauka, ya gangaro ta Kogin Densu, ya cika madatsa, sannan aka buɗe masa ƙofofi da hannu, da sanin hukuma, bisa dalilin da duk mai hankali zai yarda da shi. Gidan kawuna yana cikin waɗanda ruwan ya shiga, don haka wani abu daga cikin abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Kogin da madatsarsa

Densu ƙaramin kogi ne idan aka ajiye shi kusa da Kogin Volta. Tsawonsa kimanin kilomita 116 ne. Yana tasowa daga tsaunukan Atewa, ya ratsa gonakin koko, ya wuce ta garin Nsawam, ya shigo tafkin Weija, daga nan ya bazu cikin wata fadama mai faɗi kafin ya faɗa teku a wajen Bortianor. Ƙasar da ke juye ruwanta a cikinsa ta kusa murabba'in kilomita 2,500, kuma sashenta na arewa, wajen daji da tsauni, ya fi gaɓar teku samun ruwan sama nesa ba kusa ba, domin Accra tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a kudancin Ghana. Saboda haka mace a Tetegu tana iya duba sama ta ga rana ƙwal, ta shanya wankinta, alhali ruwan da zai kwana a ɗakinta ya riga ya wuce gadar Nsawam.

An kammala madatsar da ke nan yanzu a 1978, bayan ambaliyar 1968 ta tafi da wadda ta gabace ta. Kamfanin Ruwa na Ghana ne ke kula da ita, kuma daga tafkinta ake tace ruwan famfon da yammacin birnin ke sha, daga Dansoman da Kaneshie har zuwa Kasoa, yayin da gabashin birnin ya dogara ga Kpong da ke kan Volta. Wannan aiki nata shi ne mabuɗin fahimtar lamarin gaba ɗaya. Madatsar da aka gina don tare ambaliya akan bar ta da sarari a ciki, tana jiran ruwan da zai zo. Wadda aka gina don ruwan sha kuwa, amfaninta a cikarta yake. Kudancin Ghana yana da damina biyu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, bayanta sai hunturu da rani. Mai kula da Weija, idan Oktoba ta kama, so yake tafkin ya cika maƙil, domin da wannan ruwan miliyoyin mutane za su sha, su yi girki, su yi alwala har damina ta zagayo. Lokacin da ya fi bukatar tafkin a cike, shi ne kuma lokacin da ruwa ɗaya mai ƙarfi a Yankin Gabas zai iya tsallake iyaka.

Iyakar nan ƙafa 48 ce. A waɗannan kwanaki na Oktoba ruwan ya haura ƙafa 49. Wanda bai san aikin ba zai ga ƙafa ɗaya da 'yan kai ba wani abu ba ne, amma madatsar da aka gina da ƙasa da duwatsu, idan ruwa ya bi ta kanta, yakan fara zaizayarta ta baya, kuma da zarar ya sami hanya ba a iya tsayar da shi. Da hakan ta faru, da ba maganar katifa da firji ake yi ba, da gawawwaki ake ƙirgawa, rabin birnin kuma ya wayi gari babu ruwan sha na tsawon lokacin da Allah kaɗai ya sani. Don haka buɗe ƙofofin dole ne, kuma ban taɓa jin wani daga cikin waɗanda abin ya shafa, idan hankalinsa ya kwanta, ya ce da an bar su a rufe ba. Tambayar da ta rage ita ce yadda aka yi dubban gidaje suka sami kansu a kan hanyar da ruwan ba shi da wata sai ita.

Yadda fadama ta zama unguwa

Kawuna tela ne. A Nima, wata unguwar zango ta cikin Accra, aka haife shi, a nan ya koyi ɗinki, a nan ya yi aure, kuma ya shekara da shekaru da matarsa da 'ya'ya huɗu a ciki da falo na haya. Matarsa tana sayar da shinkafa da wake, wadda duk Ghana ta sani da waakye. Duk wanda ya yi haya a Accra ya san masifar kuɗin gaba: dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida, amma abin da aka saba shi ne a nemi na shekara biyu a dunƙule, kuma duk lokacin da wa'adi ya cika sai an ƙara. Bayan ya biya irin wannan kuɗi karo da yawa, ya zauna ya yi lissafi ya ga cewa abin da ya zuba a aljihun masu gida ya isa ya sayi fili. Filayen kan tudu, irin na McCarthy Hill da Gbawe, sun fi ƙarfinsa. Wani dillali ya kai shi gangaren kogi ya nuna masa rabin fuloti a kan kuɗin da zai iya biya kashi-kashi.

Da hunturu aka kai shi. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, ƙura na tashi, ga gine-ginen wasu sun riga sun kai linta, ga turakun wutar lantarki. Ya tambaya ko ruwa yana zuwa, aka ce masa yakan ɗan taɓa ƙafa ya wuce. Ya gina gidan kamar yadda talaka ke gini, bulo hamsin wannan wata, buhun siminti biyu wata mai zuwa, kwanon rufi bayan cinikin Sallah. Ranar da suka tare mun je mun yi walima, malamai suka yi addu'a, kuma ban manta yadda ya tsaya a ƙofar gida yana karɓar baƙi ba, mutumin da ya haura hamsin bai taɓa riƙe makullin da ba na wani ba.

Akwai wani abu a nan da yake damuna a matsayina na mai jin Hausa. Harshenmu ya san irin wannan ƙasa sarai, ya ba ta suna fadama, har sunan ya zauna a kan unguwanni biyu na wannan birni. Kakanninmu da suka zo daga arewa sun san fadama wurin shinkafa ce da rake da lambun rani, kuma sun san ruwa ba ya manta hanyarsa ko da ya shekara goma bai bi ta ba. Kawuna ya san wannan. Matsin haya ne ya sa ya ji abin da yake so ya ji daga bakin dillali, kuma irinsa suna da yawa, Hausawa da Gaa da Ewe da Akan da mutanen arewa, kowa da irin matsin da ya koro shi.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa Yankin Accra Babba ya haura mutum miliyan 5.4, ya zarce Ashanti ya zama mafi yawan jama'a a ƙasar. Babban ɓangare na wannan ƙari yamma ya nufa, ya bi babbar hanyar da ta tashi daga Mallam zuwa Kasoa, sunaye biyu da duk Bahaushe zai gane asalinsu, malam da kasuwa. Hanyar ta tsallake Densu a ƙasan madatsa kaɗan, kuma duk inda hanya ta bi, gini yana bin ta. Ita kuwa fadamar bakin kogin tun 1992 aka sanya ta cikin wuraren dausayi masu kariya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, faɗinta kusan hekta 5,900. A takarda wuri ne na tsuntsaye da masunta da masu gishiri. A ƙasa kuwa an yi ta yankarta ana sayarwa, ana zuba jar ƙasa da ɓaraguzai ana cikewa, jami'ai su zo su rubuta da jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki a kawo takardar izini, bayan wata biyu a shafe rubutun da filasta a ɗora rufi.

Daren da ruwa ya zo

Bayan sallar isha'i kawuna ya kira ni. Abin da ya ce shi ne: “Ɗana, ruwa ya shigo mana, kuma ko ɗigo ba a yi a nan.” Ta ramin makewayi ruwan ya fara ɓullowa, baƙi mai wari, tun kafin ya iso bakin ƙofa, domin ƙasar da ke ƙarƙashin gidan ta riga ta ƙoshi. Suka yi abin da suka saba yi a shekarun baya: suka ɗora keken ɗinki a kan tebur, suka naɗe darduma, suka sa Alƙur'ani da takardun fili da katunan shaida a leda suka ajiye a saman kwaba, suna zaton zai tsaya a idon sawu kamar kullum. Kafin tsakar dare ya kai gwiwa. An yanke wutar unguwar don kada ta kashe mutane, abin da ya dace a yi, amma sai ya zamana cikin duhu ake lalube, fitilar waya kawai, ga kukan yara daga kowane gida. Da asuba ruwa yana ƙirjin babban mutum a tsakar gida. Samarin unguwa da masunta ne suka fara zagayawa da kwalekwale, daga baya jami'an hukumar agajin gaggawa ta NADMO da sojoji suka shigo. Ƙaramar 'yarsa a wuya ya ɗauko ta har bakin jirgi. Suka iso gidanmu na Nima da hantsi, babu takalmi a ƙafar kowa, ledar nan ta saman kwaba ce kaɗai a hannunsa.

Ambaliyar cikin gari, irin ta Kogin Odaw da manyan kwatocin Nima da Alajo, takan zo da gudu ta tafi da gudu, cikin sa'o'i an fara shara. Ta Weija zama take yi, kuma dalilan zamanta suna da yawa. Muddin ruwa yana shigowa tafkin daga sama, ƙofofi ba za su rufu ba. Ƙasar da ke gangare shimfiɗaɗɗiya ce, kusan daidai take da teku, don haka ruwan ba shi da gangarar da za ta ja shi. A bakin kogin igiyar teku tana tara yashi ta toshe mafita, sai an kawo motar haƙa an fasa, kuma idan teku ta cika takan tura ruwan kogin baya. Sannan ga gine-ginen kansu. Duk wanda ya cike filinsa ya ɗaga shi ƙafa biyu, ruwan da ya kamata ya kwanta a nan ya tura wa maƙwabcinsa, duk katangar da aka ja ta tare wata 'yar hanya da ruwa ke bi a da. Mai kuɗi ya cike da yawa, talaka ya cike kaɗan, ruwa kuma ya tattaru a gidan wanda ya fi kowa rashin hali.

Abin da aka tarar

Na raka kawuna ranar da ya koma duba gidan. Wari ne ya fara tarbarmu tun daga bakin layi, domin ruwan ya wanke masai da shadda da bola ya gauraya su, kuma a Oblogo akwai tsohon juji inda birnin ya shekara yana zubar da shararsa. A ɗaka laka ta kwanta kamar an shafa man shanu baƙi. Katifu sun sha ruwa sun yi nauyin da mutum biyu ba sa iya ɗagawa. Buhunan shinkafar matarsa sun kumbura sun fashe, waken ya tsiro a cikin buhu, fararen saiwoyi sun huda leda sun fito, gawayi ya watse ko'ina, firjin ya kife a kusurwa. Keken ɗinkin da aka ɗora a tebur ruwa ya haye shi, tsatsa ta riga ta kama shi. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadukan mutane, shadda da atamfa da leshi da aka kawo masa ɗinkin Maulidi, rini ya zuba daga wannan ya shiga wancan. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan mai kowanne. Wasu sun yafe, wasu ya biya su a hankali, kuma bai yarda ya ɓoye wa kowa ba.

Lokacin ma ya ƙara wa abin nauyi. A watan nan na Oktoba hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 40.4 cikin ɗari, sidi, kuɗin ƙasar, yana faɗuwa kusan kullum, ta yadda katifa ko buhun shinkafar da ruwa ya ci, kuɗin da aka saye su da shi ba zai sake sayensu ba. Kayan agaji sun zo, shinkafa da man girki da tabarmi da gidan sauro, sun kuma yi amfani a kwanakin farko, sai dai ba su mayar wa tela kekensa ko mai abinci jarinta. Inshora kuwa ban san gida ko ɗaya a layinsu da yake da ita ba. 'Yan haya sun fi shiga uku, domin wanda ya biya kuɗin shekara biyu ba ya iya tashi ya bar kuɗinsa, ba ya kuma iya tilasta wa mai gida ya gyara.

Akwai ɓarnar da ba ta bayyana sai bayan watanni. Bulon siminti yana shan ruwa kamar soso, kuma ƙasar bakin teku tana da gishiri, saboda haka bango yakan bushe a waje ya riƙe damshi a ciki, fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zuba kamar gari, rodin da ke cikin ginshiƙi ya yi tsatsa ya fasa kankare. Gidan da aka ɗora a kan cikon ƙasa yakan nitse ta gefe guda, tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara. Rijiyoyi sun gurɓace, sauro ya yi yawa a kududdufan da suka rage, tsakanin yatsun ƙafar yara ya ruɓe saboda yawo cikin ruwa, littattafan makaranta da allunan islamiyya sun tafi. Har yau ƙaramar 'yar kawuna, idan ta ji ruwan sama a kan kwano da dare, tashi take yi ta zauna.

Bakin teku da filin ƙwallo

Sanarwar da Kamfanin Ruwa ke fitarwa duk lokacin da zai buɗe ƙofofi takan jera wuraren da ruwa zai shafa, kuma a cikin jerin, tare da Tetegu da Oblogo da filayen gishirin Panbros, akwai bakin tekun Bojo. Duk yaron da ya tashi a zangon Accra ya san abin da yawon bakin teku yake nufi washegarin Sallah: a yi hayar mota, a ɗauki abinci a kula, a tafi La ko Kokrobite ko Bojo. Daɗin Bojo shi ne sai an shiga kwalekwale an tsallake ruwan kogin kafin a taka rairayin da ke tsakaninsa da teku, kuma ga yaron Nima wanda bai taɓa shiga jirgi ba, wannan 'yar tsallakawa ita ce rabin Sallar. To wannan ruwa mai kwanciya da ake tsallakawa shi ne dai Densu. Idan an buɗe madatsa yakan rikiɗe ya zama ja, ya yi ƙarfi, ya ɗebo duk ledar ruwan sha da robobi da tarkacen da ya wanke daga unguwanni ya zube su a gaɓa, igiyar teku kuma ta rarraba su a rairayin da ke kusa. Baƙi su ɗauke ƙafa, kuma ɗaukewar ƙafarsu tana nufin mai tuƙa jirgi da mai gasa kifi da mai kwakwa da mai suya da direban da ke jigila duk sun rasa cinikin makonni. Yawancin waɗannan mutane a unguwannin da ruwan ya ci suke kwana, don haka gida da wurin nema suka tafi a rana ɗaya.

Matan Tsokomey da Bortianor da Tetegu da ke tsintar ƙumba a bakin kogin su ma abin yana taɓa su, domin halittar tana rayuwa ne a inda ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri, kuma idan ruwan daɗi ya yi yawa ya daɗe, takan mutu. Masu gishiri kuwa, ruwan daɗi a filin shanya asara ce kai tsaye.

Sai filayen ƙwallo, waɗanda ba a cika ambatonsu ba idan ana lissafin ɓarna. Lokacin da kawuna ya tare, akwai wani fili a bayan layinsu inda samari ke buga ƙwallo da yamma, a nan ake sallar Idi, a nan ake kafa rumfar biki. Shi ne wuri mafi gangare a unguwar, shi ya sa ba a fara gina shi ba, kuma duk damina shi yake fara cika ya riƙe ruwan da da ya shiga ɗakuna. Kafin 2022 an yanka shi an sayar. A ganina wannan ita ce asara mafi wauta a cikin lamarin duka, domin fili irin wannan yana aiki biyu ba tare da an kashe masa ko sisi ba: wata tara ko goma yara su yi wasa, sauran ruwa ya kwanta a kai ya janye, babu abin da ya lalace sai turakun raga. Da aka gina shi, yara suka koma wasa a bakin kwata da cikin ruwan ambaliya, wanda yake ɓoye da ramuka da kwalabe da macizai.

Maganar gargaɗi da maganar laifi

Jami'ai sukan ce an yi sanarwa, kuma gaskiya ne ana yi, ta rediyo da jaridu da bakin 'yan majalisar unguwa da sarakuna. Mazauna sukan ce ruwan ya zo musu ba shiri, kuma su ma gaskiya suka faɗa. Abin da ya haɗa maganganun biyu shi ne irin sanarwar. Kusan kowace shekara ana cewa za a buɗe ƙofofi, a koma kan tudu, kuma a yawancin shekarun ruwan idon sawu yake tsayawa, har kunne ya saba. Sanarwar tana faɗin matakin ruwa a madatsa, amma ba ta gaya wa mai gida ko gwiwa zai kai a layinsa ko wuya, ba ta kuma gaya masa tudun da zai nufa da yara huɗu da keken ɗinki, ko wanda zai tsare masa gida daga ɓarayi idan ya tafi. Da za a kafa turaku masu alamar launi a kowane layi, a riƙa cewa ruwan yau na ja ne ko na rawaya, da mutum ya san ko tebur zai ɗora kaya ko mota zai nema. Kuma a unguwar da Musulmi suke da yawa, babu rediyon da ya kai lasifikar masallaci saurin isa kunne. Saƙo ɗaya da Hausa zuwa wayoyin limamai da ladanai zai shiga kowane ɗaki kafin a idar da sallah.

Maganar cewa mutane sun yi gini a hanyar ruwa ita ma gaskiya ce, amma rabinta ake faɗa. Wani ne ya sayar da filin, wani ya auna shi, wani ya ga ginin yana tashi ya kau da kai, wani ya ja masa wuta. Idan an zo rusau, mai gidan kaɗai ake gani, sauran sun daɗe da cin kuɗinsu. Ban ce kada a rushe ginin da ya toshe bakin kogi ba, domin gida ɗaya a wurin da bai dace ba yana iya jawo wa ɗari ambaliya. Abin da nake cewa shi ne, rusau ba tare da an hukunta masu sayarwa ba, ba tare da an sama wa talaka inda zai zauna ba, korar mutane ce daga wannan fadama zuwa wata.

Sama da madatsar ma akwai nata. Sare daji, da noma har bakin gaɓa, da ɗibar yashi, da haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wadda ake kira galamsey, a wajen Atewa, da gine-ginen da suka kewaye tafkin, duk suna sa ruwan sama ya gangaro da sauri ɗauke da laka, lakar ta kwanta a gindin tafki ta cinye wurin da ruwa zai zauna. Tafkin da ya cika da laka yana saurin tumbatsa da damina, yana saurin ja da baya da rani, wato yana ƙara tsananta matsalolin nan biyu da mai kula da shi yake tsakaninsu. Hukumar Albarkatun Ruwa, wadda aka kafa da dokar 1996, tana da kwamitin kula da Densu, kuma ƙasar tana da manufar barin tazara tsakanin gini da gaɓar kogi, sai dai aiwatarwa tana hannun ƙananan hukumomi da masu filaye da yawa, daga Yankin Gabas har bakin teku. Bayan musibar 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah suka kashe mutum fiye da 150, hankali ya karkata ga Odaw, har Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don aikin da ya shafi wannan kogi da unguwanni irin su Nima. Densu bai sami kulawa mai girman haka ba. Shekara guda bayan ambaliyar Weija, daga 15 ga Satumban 2023, aka buɗe ƙofofin madatsar Akosombo da ke kan Volta, ruwa ya raba dubun dubatan mutane da gidajensu a Mepe da garuruwan ƙasan Volta, kuma tambayoyin da aka yi a can, na gargaɗi da na mafaka da na diyya, su ne waɗanda mutanen Tetegu suka riga suka yi.

Kawuna ya koma gidansa, domin wanda zai saya a yanzu rabin kuɗi zai bayar, kuma rabin kuɗin ba zai kai shi ko'ina ba sai ɗakin haya. Ya ɗaga daɓen ɗakuna, ya gina dokin ƙofa mai jerin bulo uku wanda sai an ɗaga ƙafa sosai ake shiga, ya mayar da soket ɗin wuta sama daidai kafaɗa, ya kafa katako kusa da rufi inda yadukan mutane suke kwana. Da aka zo fenti ya hana a shafe layin da ruwa ya bari a bangon falo, ya ce duk wanda ya zo neman fili a unguwar a kawo shi ya gani. Yana da wani aboki direban babbar mota da ke zaune a Nsawam, kuma daga Satumba zuwa Nuwamba, duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi a can, abokin yakan je ya leƙa ƙarƙashin gada da tocila ya kira shi ya gaya masa inda kogin ya kai. Idan ya ce ya kusa taɓa gadar, kawuna yakan sanar da ladan, ya tura yaran Nima a motar farko ta asuba, shi kuma ya kwance kan keken ɗinki ya ɗora a kan katakon nan na sama.